Zama da Sayen Gida a Unguwannin Bakin Ganuwar Kano

Batun da shirin faɗakarwa na wannan mako ya ɗauko shi ne zama da sayen gida a unguwannin da ke manne da tsakiyar birni, wato waɗanda ba a cikin tsohon gari suke ba, ba su kuma kai bayan gari ba, inda mazauni kan isa babbar kasuwa ko asibiti ko tashar mota da ƙafarsa, ko da ɗan kuɗin mota da bai taka kara ya karya ba. Birnin Kano ne za a kafa misali da shi, saboda unguwanninsa irin su Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada da Gwagwarwa da Gyaɗi-gyaɗi, ko da yake mai sauraro a Zariya ko Katsina ko Sakkwato zai tarar yawancin bayanin ya shafe shi, tunda dokar ƙasa ɗaya ce take aiki a duk jihohin Najeriya.

Waɗannan unguwanni kowace da dalilin kafuwarta, kuma dalilin nan yana nan a jikin titunanta da takardun gidajenta har gobe. Fagge ta girme su duka, domin zango ce ta fatake da ayarin raƙuma a wajen ganuwa tun kafin zuwan Turawa, daura da Ƙofar Wambai da Ƙofar Mazugal. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, layin dogo kuma ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, sai aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913 da tituna miƙaƙƙu da fulotai masu lamba, Turawa suka keɓe wa kansu Nasarawa da Bompai, 'yan Arewa baƙin Kano kuma suka yi ta sauka a Tudun Wada da Gwagwarwa. Tsarin raya birni na shekara 20 da aka shirya domin 1963 zuwa 1983 ya yi nufin shata wa garin hanyar girma, amma yawan jama'a ya riga tsarin gudu, har ƙidayar 2006 ta sami kimanin mutum miliyan 2.8 a ƙananan hukumomi 8 na ƙwaryar birnin. Unguwannin da a da suke gefen gari sai suka wayi gari a tsakiyarsa.

Abin da mai sayen gida yake biya a irin wannan wuri kusanci ne, kafin komai. Ɗan kasuwar da ke Fagge yana iya buɗe rumfarsa a Kantin Kwari ko Singa ko Wambai ba tare da ya hau abin hawa ba, ya dawo gida ya ci abincin rana, ma'aikacin lafiya da ke Gyaɗi-gyaɗi kuma yana dab da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano idan kiran dare ya taso. Darajar wannan kusanci ta ƙaru bayan hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, ta kuma ƙara hauhawa bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da kuɗin A Daidaita Sahu daga Rijiyar Zaki ko Mariri ko Ɗanbare zuwa kasuwa ya zama wani kaso mai nauyi na abin da magidanci ke samu, balle idan an haɗa da na 'ya'ya masu zuwa makaranta. Wannan ne ya sa ake ganin kangon ƙasa mai rufin azara, wanda ko shekara biyu ba zai ƙara a tsaye ba, ya fi sabon gidan bulo na bayan gari tsada. Ƙasar da ke ƙarƙashin ginin ita ake ciniki, ginin kuwa sau da yawa rushe shi mai saye zai yi.

Akwai abin damuwa a cikin wannan tsada, kuma bai kamata a wuce shi da sauri ba. Kantin Kwari kanta ta faro ne daga gidaje da kantunan 'yan kasuwar Labanan a Fagge ta Kudu, daga nan kasuwa ta yi ta cin gidajen da ke kewaye da ita layi bayan layi, ana mai da su shaguna da ɗakunan ajiyar kaya. Iyalin da aka yi wa tayi mai tsoka sukan sallama, a raba kuɗin, kowa ya nufi bayan gari, sai daga baya a gane cewa kason kowane magaji bai isa sayen fili da gina shi ba, ga zumuncin shekaru ya watse, ga tsofaffi sun rabu da masallacinsu da majalisarsu. Wanda ya saya domin zama shi ma lamarin bai bar shi ba, domin layin da rabin gidajensa suka zama wurin ajiyar kaya yakan cika da manyan motoci da 'yan dako da rana, ya zama kufai da dare, ga haɗarin gobara daga tarin yadi da roba. Saboda haka mai niyyar zama da iyali ya kamata ya ƙirga gidaje nawa ne a layin har yanzu ake ɗora tukunya a cikinsu, kafin ya ƙirga ɗakunan gidan da aka nuna masa.

Daga nan sai a zo ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato mene ne ainihin abin da ake saya a idon doka. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, aka kuma ɗaure ta a cikin tsarin mulki, ta damƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana domin amfanin jama'a. Tsarin ba baƙo ba ne a Arewa, domin dokar 1910 ta zamanin Turawa da dokar mallakar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 sun riga sun shimfiɗa irinsa. Ma'anarsa ita ce, ɗan ƙasa yana riƙe da haƙƙin zama da amfani ne, kuma takardar shaidar wannan haƙƙi, wadda a bakin jama'a ake ce wa satifiket, galibi ta shekara 99 ce ga gidan zama, tare da sharaɗin biyan kuɗin ƙasa duk shekara.

Tsofaffin gidaje da yawa a waɗannan unguwanni ba su da satifiket, sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, ko takardar tsohuwar En'e, ko takardar rabon gado ta kotu. Rashin satifiket bai mai da mai gida ɗan kama-wuri-zauna ba, domin sashe na 34 na dokar ya ɗauki wanda ke riƙe da ginannen wuri a birni kafin 1978 tamkar gwamna ne ya ba shi. Sai dai sashe na 22 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci, kuma a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa sharaɗin ya hau kan masu tsofaffin gidaje ma. Shaidar mai unguwa tana da amfani ƙwarai, domin shi ya san tarihin gida da iyakokinsa da waɗanda suka taɓa jayayya a kansa, amma ba ta maye gurbin rajistar gwamnati. Haka nan takardar wakilci, wato wadda mai gida ke ba wani izinin gudanar da al'amuran gidan a madadinsa, wasu sukan tsaya a kanta domin gudun kuɗin neman amincewa da harajin hatimi, alhali ita kaɗai ba ta mayar da mallaka daga hannu zuwa hannu.

Hanyar kariya ita ce bincike kafin biya. Mai saye, ko lauyan da shi da kansa ya ɗauka, zai nemi a duba fayil ɗin wurin a Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo da hukumar KANGIS, wadda ke adana bayanan filayen jihar a kwamfuta, domin a ga ko sunan da ke kan takarda shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa, ko kotu ta ɗora hani a kansa. Ana kuma buƙatar safiyo, wato mai awon ƙasa mai lasisi, ya gwada taswira da abin da ke ƙasa, domin a unguwannin awon igiya, waɗanda masu gonaki suka yanka da kansu ba tare da tsarin hukuma ba, ba abin mamaki ba ne a tarar zaure ko shago ya ci hanya. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama saboda bukatar jama'a, kamar faɗaɗa titi ko gina gada, kuma diyyar da doka ta tanada ta gini ce da abin da aka kashe a wurin, ba ta tsadar ƙasar da mai saye ya biya ba. Rusau ɗin watan Yunin 2023, wanda ya shafi shagunan Filin Idi da gine-ginen harabar tsohon otal ɗin Daula, ya nuna cewa wurin da asalinsa na jama'a ne, kamar filin makaranta ko maƙabarta ko jikin ganuwa, yana iya zama abin taƙaddama idan gwamnati ta sauya, ko da mai shi yana riƙe da takarda.

Babban ramin da masu saye suka fi faɗawa a tsofaffin unguwanni shi ne gidan gado. Gidan da aka gina a zamanin dalar gyaɗa yana iya kasancewa mai shi ya rasu shekaru 40 da suka wuce ba a raba ba, wasu daga cikin 'ya'yansa su ma sun rasu sun bar nasu magada, har masu haƙƙi su kai gommai, wasu a Legas, wasu a Makka, wasu mata ne a gidajen aurensu waɗanda ba a ko tuntuɓa. Babban wa da ke zaune a gidan, wanda unguwa ta saba kiran gidan da sunansa, ba shi da ikon sayar da abin da ya wuce kasonsa, kuma daɗewar mutum a gida ba ta zama hujjar mallaka idan asalin zamansa aro ne ko haya ko riƙon amana. A shari'ar Musulunci ana fara fitar da bashin mamaci da wasiyyarsa, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, sannan a ba matarsa tumuni idan ya bar 'ya'ya, a fitar wa iyayensa nasu idan suna raye, a raba saura namiji ya sami rabon mata biyu. Idan akwai marayu ƙanana, kasonsu ba ya sayuwa sai ta hannun wanda shari'a ta ɗora wa kula da dukiyarsu, bisa maslaharsu. Mai sayen da ya rufe ido ga wannan, yana murnar araha, ya jefa kuɗinsa cikin shari'ar da za ta iya cin shekaru, ya kuma sa hannu a cin haƙƙin mata da marayu, wanda ya fi asarar kuɗin muni.

Akwai kuma abin da malaman fiƙihu ke kira shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya ya karɓi kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, ya mayar wa baren kuɗin da ya biya. A mazhabar Malikiyya wannan haƙƙi na wanda ke da tarayya ne a gidan da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da shi, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa haƙƙin yana faɗuwa ga wanda ke gari bayan shekara guda, amma wanda ke nesa yana nan a kan haƙƙinsa ko da tafiyarsa ta daɗe. Don haka wanda ya sayi kason magaji ɗaya, da fatan zai bi sauran ɗaya bayan ɗaya, yana iya gina bene ya gama sannan wani ya dawo daga tafiya ya nemi a warware cinikin. Mafita ita ce a kai rabon gaban kotun shari'a, a tabbatar da sunayen magada duka, a sayar da gidan da sanin kotu, mai saye ya karɓi takardarta ya haɗa da sauran takardunsa.

Dillali yana da gurbinsa a wannan harka, domin shi ya san gidan da ke kasuwa tun ba a furta ba, kuma akwai masu amana da yawa a cikinsu. Sai dai la'adarsa tana rataye ne da faɗuwar ciniki, saboda haka gaggawa tana cikin maslaharsa, kuma maganar cewa wani attajiri yana hanya da kuɗi a hannu ba dalili ba ce ta tsallake bincike. Ya kamata a yanke la'ada tun farko, a san wanda zai biya ta, mai saye ya zauna ido da ido da mai gida, kuɗi kuma su bi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai haƙƙi. Kafin alƙalami, wato abin da ake bayarwa domin riƙe ciniki, a rubuta shi tare da sharaɗin mayarwa idan bincike ya gano matsala. Rubutun da ake gani a bangon wasu gidaje, mai gargaɗin cewa gidan ba na sayarwa ba ne, shaida ce ta yawan waɗanda 'yan damfara suka sayar wa abin da ba nasu ba.

Bayan takarda sai ruwa, kuma gidan da aka gani da rani ba a gama ganinsa ba. Ruwan saman da ya sauka a tsohon birni yana gangarawa ne ta kwarin Jakara, ya ratsa ta wajen Fagge da Sabon Gari ya nufi arewa maso gabas, kududdufan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini kuwa su ne a da suke shanye rarar ruwan. An cike da yawa daga cikinsu da shara an yi gini a kai, wasu kuma sun ɗora shaguna a kan lambatu, sakamakon haka ruwa yake neman hanya ta cikin gidaje, kamar yadda ambaliyar Kantin Kwari ta watan Agustan 2022 ta lalata dukiya mai yawa. Gidan da aka gina a kan cikakken kududdufi harsashinsa yakan zauna, bango ya tsage, kuma sabon fenti yana iya ɓoye wannan na ɗan lokaci. Mai hankali zai ziyarci layin a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, ya duba tabon danshi a gindin bango, ya lura ko titi ya fi daɓen tsakar gida tudu, ya ga ko maƙwabta sun gina 'yar katanga a bakin ƙofofinsu, sannan ya tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin kafin a gina shi.

Ruwan sha kuma wata matsala ce daban. Matatun Challawa da Tamburawa ba sa wadatar da birnin, tsofaffin bututu sun ruɓe a wurare da dama, don haka gidaje da yawa sun dogara da rijiya ko burtsatse ko 'yan garuwa, kuma kuɗin jarkokin wata guda ya cancanci shiga lissafin mai saye. Masana lafiya suna son a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da shadda, alhali cikakken fuloti mai ƙafa 50 a 100 tsawonsa duka kimanin mita 30 ne kacal, gidaje da yawa kuma rabin haka ne, shaddar maƙwabci tana bayan bango. Wannan na daga cikin hanyoyin yaɗuwar taifot da amai da gudawa, don haka gwajin ruwan rijiya kafin a fara sha ba almubazzaranci ba ne. Ta ɓangaren wuta, a nemi shaidar cewa babu bashin kamfanin wuta na KEDCO a kan gidan, domin sabon mai gida ne za a zo a yanke wa waya.

Yawancin masu saye suna da niyyar gyara ko ɗora bene, kuma a nan ne izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA yake shigowa, tare da shawarar injiniya a kan ko harsashin zai ɗauki nauyin. Rushewar bene mai hawa 3 da ake ginawa a titin Beirut a watan Agustan 2022, a tsakiyar kasuwar waya, ta isa tunatarwa cewa rage rodi da siminti a wuri mai cunkoso ganganci ne da rayukan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Bene yana kuma taɓa haƙƙin maƙwabtaka, domin tsarin gidan Bahaushe na zaure da tsakar gida an yi shi ne domin sutura, tagar da ke leƙa tsakar gidan wani ko indararon da ke zuba a bangonsa kuwa sun haddasa gabar da ta wuce kan 'ya'ya. A Sabon Gari da Gwagwarwa, inda ƙabilu da addinai suke cakuɗe, sabon mazauni zai tarar da coci da masallaci da otal a kusa da juna, kuma gara ya zagaya wurin da dare da ranar Juma'a da ranar Lahadi, ya auna ko yanayin ya dace da tarbiyyar da yake so wa iyalinsa, da ya tare sannan ya fara ƙorafi da mutanen da ya tarar.

Ta fuskar kuɗi, mafi yawan ciniki da tsaba ake yin sa. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana da damar neman rance mai dogon wa'adi ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, masu gudun riba kuma suna da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, sai dai duka hanyoyin biyu suna neman gida mai ingantacciyar takarda, abin da ke fitar da yawancin tsofaffin gidaje daga lissafi.

Saura batun 'yan haya, domin gidajen waɗannan unguwanni ba safai ake samun su babu kowa a ciki ba. Sayar da gida ba ya soke hayar da aka riga aka biya, kuma bisa ƙa'idar da aka saba a dokokin haya na Najeriya, idan babu wata yarjejeniya a rubuce, mai biyan shekara yana da haƙƙin sanarwar wata 6, mai biyan wata kuma wata guda, sannan kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da wanda ya ƙi tashi. Cire rufi ko ƙofa ko watsa kayan mutane waje laifi ne, zalunci ne kuma ga iyalan da galibi talakawa ne masu 'ya'ya a makarantun unguwar. Ya dace yarjejeniyar ciniki ta faɗi sunayen 'yan haya da ranar ƙarewar kuɗin kowannensu, ta kuma fayyace ko mai sayarwa ne zai miƙa gidan babu kowa, ko mai saye ne zai gaji hayar, a riƙe wani kaso na kuɗin har ranar da za a miƙa mukullai a gaban mai unguwa da shaidun ɓangarorin biyu.

A nan shirin na wannan mako ya tsaya.